Kafin ka ɗaure kayanka zuwa Kumasi

Ɗan'uwa, saƙonka ya iso, kuma tambaya biyu na gani a ciki. Ta fili, wai in ka zo neman aiki za ka sami wurin kwana. Ta ɓoye kuwa, wai mu Hausawan Gana da gaske Hausawa ne ko suna kawai ya rage mana. Da ta ɓoyen zan fara, don ita ta fi kayar da baƙo.

Goro ne ya kawo kakan mahaifina. Fatake kan taso daga Kano da jakuna, da kanwa da fatu da tufafi, su sauka Salaga a ƙasar Gwanja, su juya da huhunan goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa kasuwar, mutane suka gangaro kudu, da Turawan Ingila suka murƙushe Tonawa, wato Ashanti, a 1900 sai zangon Kumasi ya yi ta cika. Ni a unguwar Aboabo ta Kumasi aka yanke mini cibi, Kano kuwa sau biyu tak na taɓa ganinta.

Saboda haka za ka ji yaro ya ce "mamana ya tafi kasuwa", ka ji ƙ da ɗ sun zube a hanya, ka ji Tuwi, harshen Tonawa, da Turanci sun kutsa cikin jimla. Ka danne dariyarka. Akwai wani saurayi da ya zo mana daga Zariya, da sassafe ya tsaya gaban wata tsohuwa mai koko da ƙosai yana gyara mata Hausa a gaban jama'a. Ba ta tanka ba, ta zuba masa kokonsa ta karɓi kuɗinta. Ashe ita ce uwar maigidan da aka yi masa hanyar aiki a wurinsa. Sai da limami ya sa baki.

Ka kuma sani zango ba na Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Mosawa, Dagombawa, Kotokoli, Zabarmawa, Wangarawa, Fulani, Yarbawa, kowace ƙabila da sarkinta, Hausa ce kawai harshen da ke haɗa mu a masallaci da kasuwa. Wanda bai taɓa jin sunan Katsina a gidansu ba, da Hausa yake faɗa da matarsa. Ƙasar kuma ta Tonawa ce. Sarkin Zango kansa yana zuwa gaisuwa fadar Manhyia wurin sarkin Tonawa, Otumfuo Osei Tutu II. Shekara fiye da ɗari muna nan, amma ba mu manta wa ya ba mu wurin zama ba.

To, maganar masauki. A nan baƙo ba ya zama haka siddan, sai a ƙarƙashin maigida. Shi zai ba ka tabarma a zaure ko ɗakin samari, ya kai ka ka gaida limami da dattawan unguwa, ya tsaya maka in ka karɓi kaya bashi, ya je ofishin 'yan sanda in ta ɓaci. Kai kuma in ka ci amana, sunansa ka ɓata, shi ya sa ba ya karɓar wanda ba a san asalinsa ba. Kada ka yi gaggawar kama ɗaki: masu gidaje kan nemi kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ko da yake doka wata shida ta ce.

Takardu kuwa, tsofaffinmu ba sa wasa da su, kuma suna da dalili. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firayim Minista Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Gidaje da shaguna aka sayar a wulaƙance, har waɗanda aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Ku ma a Najeriya kun rama a 1983 zamanin Shagari, kuka kori 'yan Gana, don haka ba gori nake yi ba. Fasfon ECOWAS kwana 90 yake ba ka, daga nan sai izinin zama da katin shaida na baƙi. Dokar saka jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa tireda a kasuwa, da talla, da shagon aski, kuma a 2019 an rufe wa 'yan Najeriya shaguna a Suame Magazine, wurin kayan gyaran mota. Ni da katin Gana a aljihuna ba ruwan dokar da ni, kai kuwa da ruwanka, ko da Hausarmu ɗaya.

Tunda ka ce ɗinkin babbar riga ne sana'arka, wannan kam ana nema, musamman gabanin sallah; hannun Kano yana da daraja a zango. Na yi magana da wani kawuna mai shago, ya ce ka zo ya ga aikinka tukuna, bai yi alkawarin komai ba. Ka taho da riga biyu da ka ɗinka da kanka, da kilishi don dattawa. In ka tsallake Lome ka iso iyakar Aflao, ka kira ni in san motar da ka shiga.