Tambayi Bakanike: Wasa da Kuka a Difaranshal ɗin A-kori-kura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux da nake dakon hatsi da ita daga ƙauyuka zuwa Dawanau. Duk lokacin da na saki kuloci, ko na ɗaga ƙafa daga totur na sake takawa, sai in ji "gau" daga baya. Na shiga ƙarƙashinta na murɗa farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya, da hannu, na ji tana wasa. An ce mini a ƙara ɗaure babban notin finiyan kawai, magana ta ƙare. Haka ne? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka bari a taɓa notin nan na finiyan, wato ƙaramar giyar da farfela ke juyawa, tukuna. Wasan da hannu ke ji a farfela iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sa wa tayoyin gaba waigi, ka ja birkin hannu, ka bar giya a firi. Fara da kuros ɗin farfela, wato gaɓar da ke bakinta, domin sau da yawa shi ne mai laifin, kuma shi ya fi arha. Riƙe bututun farfela da hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan faifan da ke bakin difaranshal, wato kwandon giyoyin da ke tsakiyar aksul ɗin baya, ka murɗa su saɓanin juna. Lafiyayyen kuros ba ya motsi ko kaɗan. In ka ga jan garin tsatsa a gindin kofunansa, giris ya ƙare a ciki, allurorin sun cinye. Duba kuma boris ɗin tsakiyar farfela da notocin da suka ɗaure sifirin a jikin aksul. Motar da ke shan lodi takan kwance su, aksul ya riƙa juyawa kaɗan yana bugu.

In waɗannan lafiya suke, yi wa faifan da farfela alama da fenti don su koma yadda suke, ka kwance notoci huɗun da suka haɗa su, ka ɗaure farfela gefe da waya. Yanzu kama faifan ka girgiza shi sama da ƙasa, ka tura ciki ka jawo waje. A nan ba a yarda da wasa ko na ƙwayar zarra ba. In ya motsa, boris biyun da ke riƙe da finiyan sun saki ko sun cinye, kuma galibi za ka ga mai yana tsattsafowa ta sil.

Na uku shi ne wasan murɗawa, wanda ke tsorata mutane a banza. Murɗa faifan a hankali da yatsu. Za ka fara jin wani ɗan "ƙas" mara nauyi, wanda a gefen faifan bai kai milimita ɗaya ba: wannan ita ce ratar da ke tsakanin haƙoran finiyan da na babban faifan giya, wato kirawun. In ka ƙara ƙarfi, faifan zai ƙara tafiya, domin yanzu kana tattaro ratar ƙananan giyoyin tsakiya da ta zanen bakin sandunan aksul, kuma finiyan yana ninka ta kusan sau huɗu. Saboda haka milimita kaɗan a gefen faifan ba ciwo ba ne. Ainihin awon a kan haƙorin kirawun ake yinsa da agogon awo, bayan an zaro cikin difaranshal an ɗora a benci. A Hilux mai kirawun na inci 8, littafin gyara ya ba da milimita 0.13 zuwa 0.18, a auna a wurare uku ko huɗu na zagayen. Ƙananan giyoyin tsakiya kuwa 0.05 zuwa 0.20 ne, kuma da kaurin washar da ke bayansu ake daidaita su.

Ga dalilin da ya sa muka hana ɗaure notin. Tsakanin boris biyun finiyan akwai wani ɗan bututu da aka yi shi don ya lotse daidai gwargwado idan aka ɗaure. Aikin notin shi ne matse boris, ba rage ratar haƙora ba. Matsin da ake so ɗan kaɗan ne, ana auna shi da ƙaramin sifanan awon ƙarfi, wajen N·m 1 (ma'aunin ƙarfin murɗawa) ga tsohon boris, sabo kuma ya ɗan fi haka gwargwadon samfurin motar. Wanda ya sa dogon bututu a sifana ya taka noti, ya lotsa bututun fiye da kima. Boris zai yi zafi, ya ƙone, finiyan ya kauce daga mazauninsa ya ci haƙoran kirawun. Kuma ba a sassautawa a koma baya, sai dai a sa sabon bututu. Gyaran gangar Auzinawa ke nan: an je neman sauƙin kuɗin boris, an ƙare da sayen kirawun da finiyan.

Tambaya: Tawa ba ta bugu, kuka take yi idan na kai gudun kilomita 60 zuwa 80. Yaya zan gane daga ina yake? Daga wani direba a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka nemi miƙaƙƙiyar kwalta da ba cunkoso, ka sa wani ya zauna a kujerar baya ya kasa kunne. Abin lura shi ne lokacin da kukan ke zuwa da lokacin da yake ɗaukewa. In yana tashi ne sa'ad da kake taka totur, ya lafa da ka ɗaga ƙafa, haƙoran kirawun da finiyan ne suka cinye ko ba su zauna daidai ba. In kuwa sai ka ɗaga ƙafa motar tana gangarawa da giya a ciki yake fitowa, fara zargin boris ɗin finiyan. Gurnani mai kauri wanda bai damu da totur ba, yana ƙaruwa da gudu kawai, na boris ne. Karkata sitiyari kaɗan dama da hagu: in sautin ya canza, boris ɗin taya ne, na ɓangaren da nauyi ya koma kansa lokacin da kukan ya ƙaru, in bai canza ba, boris biyun da ke riƙe da kwandon kirawun ne. Bugun da ke maimaituwa bi da bi a ƙaramin gudu alamar karyayyen haƙori ne, kuma a ajiye motar nan take, domin guntun na iya shiga tsakanin giyoyi ya kulle tayoyin baya ana cikin tafiya.

Ƙarar da ba ta zuwa sai a kwana ta ƙananan giyoyin tsakiya ce. Abin da ya fi kashe su shi ne sa tayoyin baya masu bambancin girma, da barin taya ɗaya tana ta walwale a yashi ko laka. Tayar da ta ci gefe ɗaya ma tana gurnani irin na boris, don haka a musanya na gaba da na baya a sake gwadawa kafin a kwance komai.

Sannan a zubar da man difaranshal a kalle shi. Toshiyar ƙasa tana da maganaɗisu. Laushin baƙin gari kamar kwalli a jikinta ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, ko guntun ƙarfe, shi ke cewa a buɗe. Mu faɗa maka gaskiya: haƙoran da suka riga suka koyi kuka ba sa dainawa don an canza mai ko an matse rata.

Tambaya: Mai yana yoyo ta bayan tayar baya, kuma da aka buɗe ya koma fari-fari. Daga wata mai gona a Yola.

Amsa: Hajiya, ruwa ne ya shiga, yawanci wajen tsallaka rafi da damina. A saman aksul akwai ɗan bututun shaƙar iska mai hula. In laka ta toshe shi, iskar ciki ta yi zafi ta rasa mafita, sai ta tura mai ta sil. In aksul mai zafi ya faɗa ruwan sanyi kuma, sai ya zuƙo ruwa. A cire shi a wanke, a canza sil, a canza takalman birkin da suka sha mai, domin wanki ba ya dawo da su. A fara buɗe toshiyar sama kafin ta ƙasa. A zuba man giya mai lambar GL-5, 80W-90 ko 85W-90, har ya kawo bakin ramin sama, motar tana tsaye daidai. In akwai alamar LSD a jikin aksul, wato difaranshal mai rage walwalen taya ɗaya, sai man da aka rubuta wa LSD, in ba haka ba zai riƙa karkarwa a kwana. Motar gona da lodi kada ta wuce kilomita 40,000 ba a canza ba.

Tambaya: Zan sayi difaranshal na Beljiyam in ɗora gaba ɗaya. Me zan duba? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Ƙirga haƙora, Malam. Kirawun mai 41 da finiyan mai 10 suna ba da 4.10, 43 da 10 suna ba da 4.30, 41 da 9 kuma 4.56. Dole ya zo ɗaya da naka, musamman in motar mai jan gaba da baya ce, domin bambancin zai sa aksul biyun su yi ta jan juna har wani abu ya karye. Kirawun da finiyan tare aka goge su a masana'anta, ba a haɗa na wannan da na wancan. Ka shafa shuɗin man awo a haƙora uku ko huɗu, ka juya gaba da baya kana ɗan riƙe kirawun: tabon ya fito a tsakiyar haƙori, ba a tsini ko gindi ba. Ka gwada sandar aksul ɗinka a ramin giyar gefe ta cikin difaranshal don tabbatar da zanensu ya yi daidai, kuma ka yi sharaɗi da mai shago cewa in ya yi kuka bayan an ɗora za ka dawo da shi.