Hutu a ƙauyen Daura: me za a shirya daga Maraɗi?

Malam, ka ce kana son kai iyali wani ƙauye kusa da Daura, kana tambayar hanya da abin gani.

Hanyar da aka saba ita ce Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, sannan Daura. Amma yankin Jibiya na fama da 'yan bindiga, don haka ka tambayi direbobin tasha halin hanya da na iyaka a ranar tafiya, ku fita da sassafe, kada dare ya same ku. Kowa ya riƙe katin ɗan ƙasa da na rigakafin shawara, yara kuma da takardar haihuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shiga ƙauye da sefa. Canza zuwa naira tun a Katsina, ka nemi ƙananan kuɗi, domin mai shago ba ya da canji. Ku tafi da gidan sauro, musamman da damina. Mai ciki ko mai ciwon suga ya ga likita kafin tafiya.

Da isarku, mai masauki ya kai ka gaida maigari. A Daura ku ziyarci rijiyar Kusugu da fadar sarki, a Katsina kuma hasumiyar Gobarau.