Tambaya da Amsa: Siminti a Cikin Tankin Murjani

Wasiƙun wannan karon yawancinsu daga masu kiwon kifin teku da murjani a tankin gilashi suka fito, kuma damuwarsu ɗaya ce: yadda za a gina duwatsu da siminti ba tare da an hallaka abin da ke cikin ruwan ba.

Assalamu alaikum. Na sayi busassun duwatsu kilo 25 don tanki mai cin lita 300, ina son in yi baka da kogo. An ce mini siminti guba ne ga kifi da murjani. Haka ne? In ba haka ba, wane iri zan saya?

Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka haka rabin zancen ya kawo. Simintin da ya ƙosa, ya kuma sha jiƙo yadda ya kamata, ba ya cutar da komai. Ɗanyensa ne abin tsoro. Idan simintin Portland, wato simintin gini na yau da kullum, ya haɗu da ruwa, yana fitar da kalsiyam haidiroksaid, wato farar ƙasa mai ƙuna. Ruwan da ke cikin sabon siminti pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa ko kishiyarsa, kan kai 12 zuwa 13, alhali tankin murjani tsakanin 7.8 da 8.4 yake zama. Kowace lamba ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ce, don haka tazarar 8 da 12 ninki dubu goma ke nan.

Ka nemi Portland zalla, fari ko mai ruwan toka. Farin ya fi sajewa da launin dutsen teku. In ka samu wanda aka rubuta yana jure wa salfet, kamar nau'i na II a ƙidayar Amurka, ya fi, domin kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 2.7 na salfet, shi kuwa yana cin siminti a hankali. Ka guji kwaɓin manna tayil da na cike tsakanin tayil, saboda akan sa musu maganin hana fumfuna, ka guji filastar Paris don narkewa take yi, haka duk simintin da aka gauraya da tokar kwal. Buhun da ya fara dunƙulewa ya sha danshi, ƙarfinsa ya ragu.

Akwai kuma wanda aka yi musamman don wannan aiki, irin su E-Marco-400 da Aquaforest Stone Fix da Nyos Reef Cement. Suna saurin kamawa, amma su ma siminti ne, ba a zabga su da yawa lokaci guda a tankin da ke da rai.

Ranku ya daɗe, ku bayyana mini yadda ake haɗa duwatsun tun daga farko. Ban taɓa riƙe cokalin magini ba.

Malama, abu na farko da za ki riƙe shi ne siminti ba gam ba ne. Ba ya manne wa dutse, shiga yake yi cikin ramukansa ya daskare ya kulle shi. Duk sauran aikin a kan wannan yake tafiya.

Ki yanka kwali daidai faɗin ƙasan tankin, ki jera duwatsun a kai ba tare da siminti ba har tsarin ya yi miki, sannan ki ɗauki hoto ta gaba da ta sama. Ki bar santimita 6 zuwa 8 tsakanin dutse da gilashi ta kowane ɓangare, don abin goge gilashi ya wuce, ruwa kuma ya zagaya. Kada ki haɗe ginin ya zama dunƙule ɗaya. Ki raba shi biyu ko uku, yadda kowane zai shiga ta bakin tankin kuma mutum ɗaya zai iya ɗaga shi. Da yawa sai sun gama suke tunawa da gilashin da ya gitta saman tankin.

Ki wanke duwatsun da buroshi, ƙura ta fita daga ramuka, ki jiƙa su aƙalla rabin awa, ki tsame su har su daina ɗiga. Busasshen dutse yana zuƙe ruwan kwaɓin kafin simintin ya gama aikinsa, sai mahaɗar ta zama gari. Inda fuskar dutse ta yi sumul, ki sassare ta da kurfi.

Duk inda dutse zai yi rumfa ko baka, sai an sa masa ƙashi a ciki: sandar akirilik ko ta faibagilas mai kaurin milimita 10 zuwa 12, ko siririn bututun PVC. A huda kowane dutse zurfin santimita 5 zuwa 8 da bakin hujin kankare, ramin ya ɗara sandar da milimita ɗaya ko biyu, a kashe bugun injin don kada dutsen ya tsage, ana zuba ruwa ana hudawa. Rodi da ƙusa da waya ba su da wuri a nan. Baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya kumbura ya fasa simintin, jan ƙarfe da tagulla kuwa ɗan kaɗan ɗinsu ya isa ya kashe jatan lande da murjani.

Kwaɓin mahaɗa shi ne awo ɗaya na siminti da awo biyu na lallausan yashin aragonait, wato yashin murjani. Ruwa kimanin mililita 40 ga kowane giram 100 na siminti, a rage in yashin yana da laima. Ya yi kamar yumɓun maginin tukwane: a dunƙula ya tsaya, a matsa kada ruwa ya tsatso. In mai saurin kamawa ne, wanda ake toshe yoyo da shi, minti 3 zuwa 5 kawai gare ki, don haka ki kwaɓa na mahaɗa ɗaya, da ruwan sanyi, don zafi yana ƙara masa sauri. Ki sa safar hannu ta roba da tabarau da takunkumi, siminti yana ƙona fata ba tare da an ji nan take ba.

Ki fara riƙe duwatsun da ɗigon sufa gulu mai kauri ko ki ɗaure su, sannan ki cusa kwaɓin da yatsa cikin ramuka ta kowane ɓangare, kaurinsa santimita ɗaya zuwa biyu, ya rungumi duwatsun biyu. Tun yana ɗanye ki danna masa ɓarɓashin dutse da yashi, mahaɗar za ta ɓace wa ido. Ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma da leda, kada a taɓa har awa 48, a ci gaba da yayyafa ruwa kwana 7. A lokacin ya samu kusan kashi biyu bisa uku na ƙarfinsa, cikar sai kwana 28. Daga nan sai jiƙo, wanda bayaninsa ke ƙasa. Ranar sakawa, dutse ake fara ajiyewa a kan gilashin ƙasa, sannan a zuba yashi. In yashi ne a ƙarƙashi, kifayen da ke haƙa rami za su rarake shi ginin ya kife.

Na haɗa baka, bayan kwana biyu na ɗaga sai ta rabu a mahaɗa. Ina kuskuren yake?

Malam, dubi wurin da ya karye, zai faɗa maka. In simintin ya ɓare fes ya bar fuskar dutse a wanke, ƙura ce ko bushewar dutsen. In yana marmashewa a hannu, ko ruwa ya yi yawa, ko ya bushe da wuri a rana, ko ka ƙara masa ruwa bayan ya fara kamawa, abin da ke tsinka ƙullin da ya soma yi. In akwai siririn tsagi a tsakiya, an motsa shi yana kamawa. Siminti yana ɗaukar danniya sosai amma ba ya jure ja da lanƙwasa, shi ya sa baka marar sanda a ciki ba ta daɗewa. Kwana biyu ma ya yi kaɗan a ɗaga baka, kuma ta ƙafafunta biyu ake ɗaukarta, ba ta tsakiya ba.

Ina son in ƙera dutsen gaba ɗaya da kaina maimakon saye. Yaya haɗin yake, kuma tsawon wane lokaci zan jiƙa?

Hanya ce sananniya, Alhaji. GARF, wata cibiyar binciken kiwon murjani da ke jihar Idaho ta Amurka, ce ta yaɗa ta a shekarun 1990, da haɗin awo biyar na yashin aragonait da awo ɗaya na siminti. Ana iya maye wani kaso na yashin da dakakken ɓawon kawa ko tsakuwar murjani, bayan an wanke su sosai. In ana son ƙarin ƙarfi a sauko zuwa huɗu da ɗaya. Ƙasa da uku da ɗaya dutsen zai yi nauyi, ya toshe, jiƙonsa kuma ya ƙi ƙarewa.

A cika baho da jiƙaƙƙen yashi, a haƙa siffar da ake so, a riƙa sakin kwaɓin gutsure-gutsure ba tare da dannawa ba. Inda ake son kogo a tara yashi ko a sa balan-balan da aka ɗan hura, a ci gaba da zubawa a kai. A rufe da yashi, a bari awa 48. Wasu kan ƙara awo ɗaya na gishiri mai manyan ƙwayoyi a ƙarshen kwaɓi, don ya narke ya bar ramuka. Yana bayar da ramukan, amma yana raunana dutsen, wanda ya maƙale can ciki kuma yakan daɗe yana fitowa. A ganinmu tsakuwa mai girma dabam-dabam da kwaɓi mai ƙarancin ruwa sun fi shi, domin abin da ake nema shi ne ruwa ya ratsa dutsen, ƙwayoyin bakteriya masu tace amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi, su sami mazauni.

Jiƙo shi ne inda haƙuri ke ƙarewa mutane. Bayan aƙalla mako ɗaya a cikin laima, a nutsar da dutsen a ruwan daɗi. A canza ruwan kullum a makonni biyu na farko, daga nan duk kwana biyu ko uku. Ƙaramin famfo a cikin bahon yana gaggauta aikin. Yawanci ana cin mako 4 zuwa 8, mai kauri ya fi haka. Ginin da mahaɗa kaɗan kawai ke da siminti yakan gama cikin mako ɗaya ko biyu. Amma ba kalanda ke yanke hukunci ba, awo ne. A zuba sabon ruwa, a auna pH ɗinsa, a bar shi kwana uku ba canji, a sake aunawa. In ya haura, da saura. In ya tsaya, a mayar da dutsen cikin ruwan gishirin da aka haɗa, da famfo, na mako guda. Idan pH bai wuce 8.4 ba, ruwan kuma bai yi fari ba, ya shirya. A auna fosfet ma, don ɓawon kawa kan fitar da shi, shi kuwa abincin gansakuka ne. Kayan awon ɗigo na ruwan teku yawancinsu ba sa nuna abin da ya kai 9, don haka na'urar awon pH ake bukata, wadda aka daidaita da ruwan gwaji mai pH 7 da mai pH 10.

Ruwan khal ba ya taƙaita wannan hanya. Fatar dutsen kawai yake wankewa, ya ci aragonait ɗin, bayan kwana biyu farar ƙasar da ke ciki ta sake fitowa.

Na sa dutsen da na ƙera bayan kwana goma. Yanzu ruwan ya yi fari, pH ya kai 8.9, kifaye suna haki a sama. Ku taimaka.

Subhanallah. Cire dutsen yanzu, Malam, kafin ka yi komai. Farin da kake gani kalsiyam da magniziyam ne na ruwan suke zubewa saboda hawan pH, kuma za su lulluɓe famfo da hita. Babban haɗarin shi ne amoniya: kason da ke da guba a cikinta ya kusa ninki bakwai a pH 9 idan aka kwatanta da pH 8.

Ka canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan da sabon da zafinsa da gishirinsa suka yi daidai da na tankin, ka maimaita washegari. Ka ƙara iska, ka karkata famfo yana kaɗa saman ruwa, domin iskar kabon da ke shiga tana sauko da pH. Dakatar da duk sinadarin ƙara alkali, wato ƙarfin ruwa na jure wa tsami, ka rage ciyarwa. In pH ya ƙi sauka, mililita ɗaya ta farin ruwan khal ga kowace lita huɗu tana rage shi da kimanin 0.3. A zuba inda ruwa ke gudu, a jira awa ɗaya, a auna. Kada a yi ta maimaitawa, don bakteriya na cin khal ɗin su shanye iskar da kifayen ke nema. Bayan ruwa ya washe, ka auna ka gyara a hankali: kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita, magniziyam miligiram 1250 zuwa 1350, alkali kuwa 7 zuwa 11 a ma'auninsa na dKH.

Tankina ya shekara biyu, wani dutse mai murjani a jikinsa yana girgiɗi. Zan iya gyara shi a ciki?

Za ki iya, Hajiya. In ƙaramin gyara ne, ki sa sufa gulu mai kauri a fuskokin biyu da dunƙulen ifoksi, wato gam mai kama da yumɓu, a tsakiya, ki murɗa kaɗan ki riƙe minti ɗaya. Injin kumfa, wanda ke tace dattin ruwa, zai yi ambaliya na kwana ɗaya ko biyu saboda ifoksin, sai ki sassauta shi. In sai da siminti, ki yi amfani da na tankin kifi, ki rage ruwa har mahaɗar ta fito, ki kashe famfo har ya kama, mahaɗa ɗaya ko biyu a rana, kina duba pH.

Dutsen da aka fitar a lulluɓe shi da tsumman da aka jiƙa da ruwan tankin. Soson tekun da ke rayuwa a jikinsa yana mutuwa in iska ta shige shi, ya ruɓe ya ta da amoniya, don haka a kankare wanda ya lalace. Idan kuwa akwai murjanin Palythoa ko Zoanthus a kai, wasunsu na ɗauke da dafin palitoksin, wanda ke shiga ta rauni da ido da numfashi. A sa safar hannu da tabarau, kada a huda irin wannan dutse ko a goge shi da buroshin waya, kada kuma a zuba masa tafasasshen ruwa a cikin ɗaki ko a waje.