Su wa ake kira karnukan farauta?

Ɗan'uwa, ka tambayi su wa ake nufi da "karnukan farauta" in ana zancen yaƙi ko siyasa. Waɗanda manya ke turawa gaba ne, ba tare da an damu su dawo da rai ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, sojojin Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a Faransa, ana ta cusa su bakin bindiga.

Mu nan Jos ma ba baƙon abu ba ne. Lokacin zaɓe za ka ga matashi a Taminus da hular jam'iyya, gora a hannu, an sallame shi da kuɗin shayi. 'Yan sanda na kwashe shi, wayar uban gidan a kashe. Sai dai kar ka kira mutum haka a gabansa, zagi ne.