Na share duk abin da ke cikin Downloads bisa kuskure, ko akwai hanyar dawo da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A Agege nake zaune, ina yi wa maigidana akawu a kasuwar Mile 12, inda yake sana'ar albasa. Daren jiya laftof ɗina ta nuna wuri ya cika, sai na shiga Downloads na zaɓi komai na share, na kuma zubar da kwandon shara. Sai da gari ya waye na tuna fayil ɗin Excel na basussukan da muke bin 'yan sari yana ciki, aikin wata takwas, ga takardun banki, ga hotunan bikin ƙanwata. Windows 10 ce. Har yanzu ban iya faɗa wa maigida ba. Akwai dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa a dace. Idan a kan wannan laftof ɗin kake karanta amsar nan, kashe ta yanzu, ka ƙarasa karatun a waya. Kada ka buɗe intanet da ita, kada ka kalli bidiyo, kada ka sauke mata wata manhaja ko da an ce maka ta ceto fayil ce. Bari in faɗa maka dalili, don idan ka gane shi sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Ka san yadda ake yi da sito a kasuwa. Mai sito yana da littafi: ɗaki na bakwai, buhu arba'in, na Alhaji wane. Ranar da ya ja layi a kan sunan Alhaji, buhunan ba su motsa ba, suna nan jibge. Abin da ya sauya kawai shi ne yanzu ɗakin a rubuce yake babu kowa, don haka duk motar da ta iso daga Sakkwato ana iya sauke mata kaya a ciki. Haka Windows take yi. Tana da babban rajista mai suna MFT, inda take rubuta sunan kowane fayil da wurin da yake kwance a faifai. Da ka zubar da kwandon shara, alama kawai ta sa cewa wurin nan babu mai shi. Littafin basussukanku yana iya kasancewa yana nan daram, har zuwa lokacin da wani sabon abu zai hau kansa. Matsalar ita ce kwamfuta ba ta daina rubutu muddin tana kunne. Kowane shafi da ka buɗe sai ta ajiye guntayensa, Windows kuma tana sauke gyare-gyarenta ba tare da ta tambaye ka ba. Duk wannan sabon kaya ne da ke neman ɗaki.

Yanzu ɗauki wayarka, don yawancin abin da ka rasa da ita za ka same shi. Duk abin da ke cikin Downloads daga wani wuri ya zo. Takardun banki ba abin tashin hankali ba ne: duba imel ɗinka, in babu ka sake nema ta manhajar bankin ko ka je reshe. Hotunan biki kuwa wanda ya turo maka yana da su, mai hoto ma yana da su, kuma idan ta WhatsApp suka shigo to suna nan cikin hirar a wayarka. Waɗannan biyun ka cire su daga ranka.

Fayil ɗin Excel shi ne ciwon. Ko da wani ne ya fara turo maka shi, wanda ke wajensa na wata takwas baya ne, duk abin da ka ƙara tun daga lokacin a laftof ɗin kaɗai yake. Sai dai ka yi tunani da kyau: ka taɓa tura wa maigida shi ya duba? Ka taɓa kai shi shagon buga takardu a filash, ko ka tura musu ta WhatsApp? Shiga hirarku da shi, danna sunansa a sama, ka duba sashen takardun da kuka yi musanya. Duba saƙonnin da ka aika a imel. Kofin watan jiya ya fi babu nesa ba kusa ba. Wannan ne ma ya sa nake ganin ka faɗa wa maigida yau, kada ka kwana. Na san nauyin da kake ji, amma wataƙila kofin yana cikin wayarsa, kuma dattijon da ya daɗe a sana'a ba ya rasa ɗan littafinsa na aljihu ko lissafin da ya riƙe a ka. Gara ya ji daga bakinka da safe da ya ji ranar da ɗan sari ya zo yana musun bashi.

Daga nan sai tambayar da komai ya rataya a kanta: wane irin faifai ne a laftof ɗin? Akwai tsohon yayi, HDD, mai juyawa, wanda idan ka kara kunne za ka ji ɗan gurnaninsa. Akwai kuma SSD, wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Misalin siton da na ba ka a kan HDD ya fi zama daidai. Shi SSD yana da wani tsari mai suna TRIM, wanda Windows ke amfani da shi tun fitowar Windows 7 a 2009. Da zarar an share fayil, Windows kan sanar da faifan cewa wurin nan ba a bukatarsa, shi kuma sai ya share shi da kansa don ya ci gaba da sauri. Wato mai sito ya ja layi, nan take kuma ya aika yara su fitar da buhunan su share ɗakin. Ba zan ɓoye maka ba, idan SSD ne, damar dawo da fayil ɗin daga faifan kaɗan ce ƙwarai. Sau da yawa manhaja kan nuna maka sunan fayil ɗin, ka yi murna, ka buɗe ka tarar babu komai a ciki. Kada ka dogara da shekarun laftof ɗin wajen yin hasashe, don wasu na hannu da ake sayarwa a Legas an cire musu HDD an sa SSD kafin a kai su kasuwa. Duba rasit ɗin saye ko ka tambayi wanda ya sayar maka. In babu hali, idan ka kunna ta ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, a ƙarƙashin Disk za ka ga an rubuta HDD ko SSD.

Kafin ka sake kunna ta, shirya kayan aiki a wata kwamfutar daban, ta aboki ko ta shago. Samo filash mai wuri, ka sauke Recuva, manhajar ceto fayilolin da aka share, a kansa. Kyauta ce, ta kamfanin Piriform masu CCleaner, kuma akwai nau'inta da ke aiki daga kan filash ba sai an girka ta ba, shi nake so ka nema. Sannan ka cire laftof ɗin daga intanet, ka tabbata batir ya cika ko janareta na kusa, don bincike mai zurfi yana iya cin sa'o'i, kuma ɗauke wuta a tsakiya na nufin sake farawa.

Da ta tashi, fara leƙa kwandon shara, ko da ka ce ka zubar. Sai ka danna Downloads da maɓallin dama, ka zaɓi Properties, ka shiga Previous Versions. Idan an taɓa kunna File History, wato tsarin Windows na ajiye kofin fayiloli, za ka ga jakar yadda take a kwanakin baya, ka kwafe abinka zuwa filash, magana ta ƙare. Galibi wurin fayau yake, amma duba shi minti ɗaya ne. Kada ka taɓa System Restore. Saitunan Windows yake mayarwa, ba ya dawo da takardun mutum, kuma rubutu yake yi mai yawa a faifan da muke lallaɓawa.

Sai Recuva. A nan akwai wani abu da mutane da yawa ke tuntuɓe a kai. Tunda fayil ɗinka ya bi ta kwandon shara kafin ya ɓace, to ba a Downloads ya yi zamansa na ƙarshe ba. Windows kan mayar da shi wata ɓoyayyiyar jaka mai suna $Recycle.Bin, ta sauya masa suna zuwa wani abu da ya fara da $R, sai wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana, sai ƙarshensa na asali. Don haka idan Recuva ta tambaye ka inda za ta duba, ce mata ko'ina, ko kuma cikin kwandon shara. Kada ka tsaya neman sunan da ka sani. Nemi duk abin da ya ƙare da xlsx, ka dubi girmansa da ranar da aka taɓa shi na ƙarshe. Za ka ga ɗigo kusa da kowane fayil: kore yana nufin lafiya lau, ruwan lemo an ɗan taɓa shi, ja kuma an riga an hau kansa. In binciken farko bai kawo komai ba, kunna Deep Scan ka bar ta. Duk abin da ka samu, a filash za ka ajiye shi. Idan ka ajiye a faifan C, wato faifan laftof ɗin kansa, kana iya taka sauran da ba ka kai ga cetowa ba.

Microsoft ma tana da tata, Windows File Recovery, tun 2020. Da rubutun umarni ake sarrafa ta, misali winfr C: E: /extensive /n *.xlsx idan E ne filash ɗinka. Tana aiki, amma sai an girka ta a kan faifan da ake son cetowa, shi ya sa ba na farawa da ita. Idan duk sun gaza akwai PhotoRec ta Christophe Grenier, ita ma kyauta. Ita ba ruwanta da rajista, faifan take bi tana shinshinar siffar kowane irin fayil. Tana tono abin da sauran suka rasa, sai dai za ta zubo maka dubban fayiloli masu suna kamar f1234567, ka zauna kana buɗewa ɗaya bayan ɗaya.

Idan ka ga hannunka na rawa, rufe laftof ɗin ka kai ta Computer Village a Ikeja, daga Agege ba nisa. Akwai ƙwararru na gaske a titin Otigba da kewaye, amma ka je wurin wanda wani da ka yarda da shi ya nuna maka, ba wanda ya fara riƙe maka hannu a bakin hanya ba. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini laftof a cikin buhun leda, idonsa ja don rashin barci. Takardun kwangilarsa ne suka goge, kuma HDD ne, aikin da zai iya ƙarewa kafin la'asar. Amma ya riga ya biya ta wajen wani yaro da ya ce masa kwamfutar ce ke da ƙwayar cuta, ya sake zuba mata sabuwar Windows. Mun kwana biyu muna tono, abin da muka samu guntaye ne da ba sa buɗuwa. Har yau abin yana yi mini ciwo, garin neman gira aka rasa ido.

Saboda haka ka faɗa wa mai gyara da bakinka: ban yarda a yi fomat ba, ban yarda a sa sabuwar Windows ba. Ka ce ya cire faifan ya haɗa shi da wata kwamfutar, ya fara kwafe shi gaba ɗaya zuwa wani faifan, a kan kofin zai yi aiki. Wanda ya san sana'ar ba zai yi maka gardama a kan wannan ba. Idan faifan a kulle yake da BitLocker za a bukaci mabuɗinsa mai lamba 48, wanda galibi yana cikin asusunka na Microsoft, ka nemo shi ta waya kafin ka fita. Ku yi ciniki tukuna, ka zauna kusa tunda akwai bayanan banki a ciki, kada kuma ka biya sai an buɗe fayil ɗin a gabanka ka ga sunayen 'yan sarinku da idonka.

Ga wasu masu karatu da kan rubuto cewa fayilolinsu na ɓacewa daga Downloads alhali ba su share ba: ku duba Storage Sense a cikin Settings, ƙarƙashin System sai Storage. Ana iya saita shi ya riƙa share abin da ya kwana 1, 14, 30 ko 60 ba a buɗe shi ba. Ku mayar da shi Never.

Kai kuwa, ko fayil ɗin ya dawo ko sake gina shi kuka yi daga tsohon kofi da alat ɗin banki da littafin maigida, kada ya sake kwana a Downloads. Mayar da shi Google Drive, suna ba da 15GB kyauta, ko OneDrive mai 5GB. Dukansu suna riƙe abin da aka share har kwana 30, kuma suna ajiye tsofaffin kofin fayil. Duk ranar Juma'a kuma ka tura wa maigida shi ta WhatsApp. Idan ka duba faifan, rubuto ka gaya mini HDD ne ko SSD, da launin ɗigon da Recuva ta nuna maka, sai mu san mataki na gaba.