Mijina Ya Ce Ba Sigari Ke Kawo Sankarar Huhu Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana ya shekara 20 yana shan sigari, kuma duk lokacin da na roƙe shi ya bari sai ya kafa mini hujja da wani amininsa da sankarar huhu ta kashe, alhali bai taɓa sa karan sigari a bakinsa ba. Shin maganarsa tana da tushe?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama, Allah Ya jiƙan mamacin. Gaskiya ne wanda ba ya shan taba yana iya kamuwa, amma wannan bai wanke sigari ba, domin sankarar huhu ba iri ɗaya ba ce.

Likitoci sun kasa ta gida biyu bisa yadda ƙwayoyin ciwon suke bayyana a madubin awo. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, wadda ta kai kusan kashi 15 cikin 100, kuma ita ce ta fi saurin yaɗuwa, don sau da yawa kafin a gano ta ta riga ta kai hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Da wuya ƙwarai a same ta a jikin wanda bai taɓa shan taba ba. Sauran kashi 85 ɗin su ne gida na biyu, wato waɗanda ba masu ƙananan ƙwayoyi ba, kuma su ma sun rarrabu. Wadda ake kira sikwamas takan fara ne a manyan hanyoyin iska na tsakiyar ƙirji, inda hayaki ya daɗe yana cin fatar da ke ciki, ita ma da mashaya taba ta fi dangantaka. Ita kuwa adinokasinoma, wadda ta fi kowacce yawa, takan tsiro a gefen huhu, kuma ita aka fi samu a jikin marasa shan taba. Hayaƙin tabar wasu, iskar radon da ke fitowa daga ƙasa, ƙurar asbestos (wani ma'adini da ake sa wa a wasu kayan gini) da gurɓatacciyar iska duk suna iya haddasa ta, sai dai ko a nan ɗin mashaya ne suka fi yawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta danganta kusan kashi 85 cikin 100 na cutar da shan taba, kuma hayaƙinta yana ɗauke da sinadarai kusan 70 masu jawo ciwon daji. Abin da ya fi damuna shi ne ke ma da yaranku kuna shaƙar wannan hayaƙi idan a gida yake sha.

Ki gaya masa lokaci bai ƙure ba, domin wanda ya bari, bayan kimanin shekara 10 haɗarinsa yakan ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da wanda ya ci gaba. Idan kuwa yana da tarin da ya wuce mako uku, ko jini a kaki, ko dusashewar murya, ko rama ba dalili, to ya je asibiti a ɗauki hoton ƙirjinsa ba tare da jinkiri ba.