Tambaya da Amsa: 'Yancin faɗin albarkacin baki na kowa ne?

TAMBAYA: Malam, ana yawan cewa Turawa ne suka ƙago 'yancin faɗin albarkacin baki suka ƙaƙaba wa duniya. Haka ne? Daga wata ɗalibar lauya.

AMSA: Malama, gaya wa mai mulki gaskiya ya girmi Turai. A ƙasar Sin, Sarki Li na daular Zhou ya sa ana kashe masu sukarsa, har mutane suka koma gaisawa da ido kawai a kan hanya. Wani bafadensa ya gargaɗe shi cewa toshe bakin talakawa ya fi datse kogi haɗari. Bai ji ba, aka yi masa bore ya gudu. A Musulunci ma akwai hadisin da ya ce mafificin jihadi shi ne faɗin gaskiya a gaban azzalumin sarki. Atina kuwa, birnin tsohuwar Girka da ake yabo, maza 'yan ƙasa ne kaɗai ke magana a majalisarta, kuma ita ta kashe masanin falsafa Sokratis a 399 kafin haihuwar Annabi Isa.

Abin da Turai ta riga kowa shi ne rubuta haƙƙin a doka, bayan injin buga littafi ya gagari masu tace rubutu. Ingila ta daina neman lasisi kafin bugu a 1695, Suwidin ta yi dokar 'yancin ɗab'i a 1766, Faransa a 1789, Amurka a 1791. Amma shekara bakwai kacal bayan haka Amurka ta yi dokar da ta ɗaure 'yan jarida masu sukar gwamnati.

A 1948 ƙasashe 48 suka amince da sanarwar haƙƙin ɗan Adam a Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda Sashe na 19 nata ya tabbatar wa kowa 'yancin faɗin albarkacin baki, takwas suka ƙaurace, babu wadda ta ƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne iyaka. Jamus na ɗaure wanda ya musanta kisan kiyashin Yahudawa, a Amurka kuwa tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Brandenburg ta 1969 ba a hukunta mai tunzurawa sai maganarsa na nufin tayar da tarzoma nan take, kuma tana iya tayarwa.

A ganina ma'aunin da ya fi amfani yana cikin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin jama'a da na siyasa. Kafin a hana magana, dole hanin ya kasance a rubuce cikin doka, ya zama don kare mutuncin wasu, tsaron ƙasa, zaman lafiya, lafiyar jama'a ko tarbiyya, sannan ya zama babu makawa sai shi. A nan ake yawan yin ɓarna. Doka ta ce "cin mutunci" ko "labarin ƙarya" ba tare da fayyacewa ba, sai ɗan sanda ya zama shi ke fassara ta. Ko a ɗaure mutum shekaru kan abin da gyara a jarida ko diyya za ta wadatar. Idan kika samu irin wannan shari'a, fara da tambayar ko talaka zai iya karanta dokar ya san takamaiman kalmar da za ta kai shi kurkuku.